Naira 2,500 da baki bakwai: yadda wani gida a Kano ya sake lissafin cefanensa

Gidan da mutanensa

Gidan haya ne a wata unguwa ta bayan gari a Kano, rijiya ɗaya, kowace mace da murhunta a ƙofar ɗakinta. Iyalin da wannan nazari ya shafa suna riƙe da ciki da falo. Su bakwai ne: maigida, matarsa da yara biyar. A farkon 2024 babbar tana da shekara 13, autan kuwa bai daɗe da yaye ba. Maigidan yana tuƙa adaidaita sahu wadda ba tasa ba. Kullum sai ya sha mai, ya kai wa mai ita balas, abin da ya rage shi ne na gida. Matar tana ɗan yin kitso idan an samu kai. Ni maƙwabciyarsu ce, ni ce kuma uwar adashin gidan, shi ya sa lissafin ya bi ta hannuna. Da yardarta na rubuta, bisa sharaɗin ba za a ambaci suna ba.

Kafin watan Mayu na 2023 yakan ajiye mata naira 2,000 kowace safiya. Ana ɗora tukunya sau uku. Shinkafa takan shiga kwano sau uku ko huɗu a mako, ranar Juma'a kuma a sayi nama ko da na ɗari biyar ne. Ba wadata ba ce, rufin asiri ne.

Yuni zuwa Disamba 2023: farkon matsi

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a watan Yuli kuma ta wuce 600. A watan Yuni aka saki darajar naira ga kasuwa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024.

Gidan nan ya sha duka ta fuska biyu. Kaya sun tashi a kasuwa kamar yadda suka tashi wa kowa. Sannan sana'ar maigidan kanta ta man fetur ce: ya ƙara kuɗin mota, fasinja suka koma taka sayyada, mai adaidaita kuma bai rage balas ba. Kuɗin cefane ya daina zama abu tsayayye. Ranar da kasuwa ta yi kyau a ajiye 3,000, ranar da ta ƙi a ajiye 1,500.

A wannan lokacin ba wani tsari aka yi ba, janyewa kawai ake yi. Naman Juma'a ya fara tafiya, madarar shayi ta bi shi, sai ƙwai. Silindar gas mai kilo shida ta ƙare a watan Oktoba, aka tura ta ƙarƙashin gado, aka fito da kurfoti.

Janairu zuwa Maris 2024: abubuwa huɗu da aka gwada

Wannan ne lokacin da mata masu gurasa suka yi zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa, hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar kuma ta rufe wasu rumbuna a kasuwar hatsi ta Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Duka a watan Fabrairu ne.

Na farko, matar ta soke abincin rana. Yara su dawo daga makaranta a ce su yi haƙuri zuwa magariba. Ba a yi sati biyu ba aka ga kuɗin bai ragu ba. Yaro mai yunwa ba ya zama. Wannan ya zo ya yi kuka a ba shi hamsin ya sayi awara, wancan a ba shi hamsin na garin kwaki da sukari. Kafin la'asar ɗari uku ta fita, ba wanda ya ƙoshi.

Na biyu, afafata. Ita ce tsakin shinkafar da masu injin casa suke warewa, wadda a da ake sayar wa masu kiwon kifi, a shekarar nan kuwa ta zama abincin gidaje da yawa a Kano. A kasuwar unguwarsu kwanonta 2,500 ne, lokacin da shinkafa 'yar gida take 4,000. Tana ɗaukar tsinta da rairaya na kusan awa guda saboda tsakuwa, kuma kwano ɗaya ya cinye kuɗin yini cif, ba a yi maganar mai ko gawayi ba. Rabin kwano take saya. Yara su lashe hannu su tambayi ƙari.

Na uku, bashi a wurin mai shagon bakin layi. Ya fara da ƙullin gari da dunƙule biyu. Zuwa ƙarshen azumi, wanda ya kama daga 11 ga Maris, abin da ke rubuce a littafinsa ya kai naira 14,500. Ya daina bayarwa. Matar ta daina bi ta ƙofar shagon, sai ta zagaya ta bayan masallaci, kuma duk abin da za ta saya da kuɗi hannu sai ta aika yaro wani shago mai nisa, kada ya ga tana da kuɗi ba ta rage masa ba.

Na huɗu, sana'ar awara da azumi. Ta karɓi jarin 5,000 daga yayarta. Man suya da gawayi suka cinye ribar, yara biyar da ke tsaye a bakin kasko suka cinye uwar kuɗin. Kwana 12 aka yi aka tashi.

Afrilu 2024: awon damtse da littafin kwana 14

Mako biyu bayan ƙaramar Sallah autan ya yi gudawa, ta kai shi ƙaramin asibitin unguwa. Ma'aikaciyar ta zagaya masa tef ɗin nan mai launi uku a damtse. Ya tsaya a santimita 12, cikin ruwan ɗorawa. Daga 12.5 zuwa sama kore ne, ƙasa da 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani. Aka ce mata bai kai matakin da ake ba da abincin leda na masu tamowa ba, amma yana kan hanya. Aka koya mata haɗin kunun gero da waken suya da gyaɗa, wanda ake kira Tom Brown.

Da daddare ta shigo ɗakina, ta zauna a bakin katifa ba ta cire hijabi ba.

"Yaya, wallahi kullum sai an ba ni kuɗi, kullum kuma ban san inda suka shiga ba."

Na ɗauko ragowar littafin makarantar ɗana na ba ta. Sharaɗin ɗaya ne: kwana 14, duk abin da ya fita a rubuta, ko da naira ashirin ce ta gishiri. Babbar 'yarta ce ke rubutawa bayan isha'i, uwar tana faɗa.

A kwana 14 naira 35,000 ta shigo hannunta, wato 2,500 a rana idan aka raba. Ga yadda kowace 2,500 take tafiya: 600 a karin kumallo na saye, koko da ƙosai, wata rana biredi, 400 a gawayi, domin ana hura wuta sau biyu ko uku, kowace kuma da sabon ƙulli, 600 a mai, dunƙule, tumatir da attarugu da albasa, 900 a kan gari ko shinkafa. Abin da ake kira abinci na ainihi, wanda ke zama a ciki, bai kai kashi huɗu cikin goma na kuɗin ba.

Mun yi wani gwaji a tsakar gida. Ta sayi ƙullin garin masara irin wanda ta saba saya, muka riƙa juyewa a gwangwani muna ƙirgawa, muka lissafa ƙulli nawa zai cika kwano. Kwanon gari ta hanyar ƙulli yana kama mata kusan naira 3,000. A lokacin buhun masara mai kwano 40 yana kan 72,000, kwano ya kama 1,800 ke nan. Ba zaluntar ta mai ƙulli yake yi ba. Shi ma ya biya surfe, ya biya niƙa, ya sayi leda, ya yi asarar dusa, kuma dole ya ci riba. Amma duk wannan a kanta yake ƙarewa, kullum.

Mayu 2024: haɗa kuɗi da sabon tsarin yini

Sanin cewa buhu ya fi araha ba sabon ilimi ba ne, kowace mace ta san haka. Matsalar ita ce wanda ke cin hannu baka hannu ƙwarya ba ya taɓa ganin kuɗin buhu a dunƙule. Mata huɗu a gidan, da ni a ciki, muka amince mu riƙa sayen buhu ɗaya duk sati biyu, kowa kwano goma, kowa naira 18,000. Nata kason na farko ya fito ne daga turmin atamfa biyu na lefenta da ba ta taɓa ɗinkawa ba. Ta sayar wa dillaliya ƙasa da kuɗinsu. Daga nan kuma kowace safiya, kafin ta sayi ko ashana, sai ta miƙo mini 1,300. A kwana 14 ya zama 18,200, kuɗin buhu na gaba. Maigidanta ne ke zuwa Dawanau ya ɗauko a adaidaitarsa, don haka ba mu biyan dako, sai dai mu haɗa masa kuɗin mai.

Buhun farko da muka auna a tsakar gida kwano 38 ya bayar. An yi cacar baki har wata ta ce a mayar mata da kuɗinta. Daga ranar ba a ɗinke buhu sai an auna a gaban mai saye.

Lissafin mako na naira 17,500 ya koma haka: masara kwano biyar 9,000, niƙa 600, gero kwano ɗaya 1,900, waken suya kwano ɗaya 2,000, gawayi 1,400, manja 1,400, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, gishiri da dunƙule 1,200. Shinkafa ba ta cikin lissafin. Ɗanyen tumatir ma haka.

An daina surfe. Masarar ana wanke ta a shanya a kai inji yadda take, abin da ake kira datsa. Surfe yana fitar da dusa, kuma dusar nan da kuɗi aka saye ta. A cikinta ne ma ƙwayar masarar mai maiƙo take tafiya. Tuwon datsa ya fi duhu, ya fi kauri a baki. Yara suka yi kwana uku suna taɓe baki. Sai dai garin ba ya jimawa, saboda maiƙon nan yana sa shi canza wari, don haka na kwana uku ko huɗu kawai ake niƙawa. Rabi a niƙa gari, wani kaso a ɓarza tsaki.

Yinin kuma daga yamma ake fara lissafa shi, ba daga safe ba. Wutar la'asar ita ce babba. A kanta ake tuƙa tuwon dare da na ɗumame a tukunya ɗaya, a kaɗa miya mai yawa. Waken suya an riga an soya shi an daka, ana zuba ludayi biyu na garinsa a ruwan miya tare da daddawa ya tafasa sosai kafin a kaɗa kuka. Waken suya ya fi farin wake sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, kuma a shekarar nan ya fi shi araha ƙwarai. Kafin a raba tuwon dare, malmalar safe ake fara cirewa a rufe a kai ciki. Ta ce idan aka bari sai an ƙoshi sannan a ajiye saura, babu saura. Da an sauke, sai ta kife tsohon kwano a kan garwashin ya mutu, gobe a ɗora a kansa.

Wutar safe ƙarama ce. Ɗumame a ƙasa, madambaci a sama da tsakin dambun rana, a gefe kuma ruwan kunu. Kunun na gero da waken suya ne, na ƙanana uku. Autan ana ajiye masa nasa a filas ya sha sau uku kafin yamma, da ɗan cokalin manja a ciki. Da rana ba a hura wuta. Yara su dawo su tarar da dambu a kula, a barbaɗa yaji, a ɗiga mai. Gawayi ya sauko daga 400 zuwa 200.

Akwai wani kuɗi da bai taɓa shiga littafin ba, saboda ba ta hannunta yake bi ba. Maigidan yana cin abincin rana a tasha, garau-garau na 500. Ta yi kwanaki tana juya maganar kafin ta furta.

"Malam, da za ka riƙa tafiya da dambun nan, ka bar mana ta tashar."

Ya ce abokan sana'a za su yi masa dariya. Bayan kwana biyu ya ɗauki kular ya cusa ƙarƙashin kujera. Ba kullum ɗari biyar ɗin take isowa gida ba, amma takan iso sau huɗu a mako. Da ita ake sayen ƙuli-ƙuli, ganye, wani lokacin busasshen kifi, kuma daga cikinta aka fara kai wa mai shago ɗari biyar duk Juma'a.

Yuni zuwa Agusta 2024: inda tsarin ya girgiza

Babbar Sallah ta zo ranar 16 ga Yuni. Ba su yi layya ba, amma nama ya shigo daga maƙwabta da dangi. Ta soya shi ƙayau ta adana a gwangwani, ana jefa yanka biyu a miya don ƙamshi. Kitsen ta narkar ta tace, ya maye gurbin manja har mako uku.

A watan ne tsadar abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari idan aka kwatanta da Yunin 2023, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar a Yuli. A Yuli aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, abin da bai shafi ɗan adaidaita ba. Buhun da muka saya 72,000 a Mayu muka biya shi 88,000 a ƙarshen Yuli. Kaso ya zama 22,000. Mace ɗaya ta fita daga haɗin, ta ce ba za ta iya ba. Muka yi sati uku muna neman madadinta, a tsakanin kuma rabin buhu muke saya a farashin da ya fi na buhu.

Uwar yara biyar ɗin ta rage masara zuwa kwano huɗu a mako, ta cike gurbin da ganyen damina. Tafasa da rama yara ke tsinkowa a fegin da ba a gina ba a bayan unguwa, zogale kuma akwai bishiya a gidan. Dambu ya zama rabi tsaki rabi ganye. Faten tsaki da yakuwa ya shigo sau biyu a mako, domin tsakin da ba zai isa dambu ba yana isar fate. Ita kanta ta rage nata kason ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Na gane ne daga zaninta, da take ƙara ninkawa.

Wata matsala ta ɓullo wadda babu ita a lissafin kowa. Hatsi a ɗaki ido ne da shi. Da labari ya bazu cewa tana da masara, sai aike ya fara zuwa: ƙanwar miji, wata tsohuwa a layin, maƙwabciyar da ta taɓa ranta mata gari. Ba wadda za ta iya cewa babu, kuma ba ta so ta ce. A sati biyu na farkon Yuli kusan kwano biyu ya fita ta wannan hanya. Aka mayar da hatsinta ɗakina, tana ɗaukar na kwana uku-uku. Ta ware gwangwani ɗaya a kowane ɗauka, ta ce wannan na mai roƙo ne, idan ya ƙare ya ƙare.

Ranar 1 ga Agusta aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, gwamnatin Kano ta sa dokar hana fita ta awa 24. Adaidaita ta kwana huɗu a ƙofar gida ba ta motsa ba, ko sisi bai shigo ba. Tukunyar gidan ba ta fasa hawa wuta ba: akwai gari na kwana uku, akwai kuka da daddawa, gawayi kuma muka haɗa aka yi girki a murhu ɗaya. Kuɗin zubi na kwanakin ne ya zama giɓi, 5,200, na ɗauke mata daga adashi ta biya a hankali zuwa Satumba.

Satumba 2024 zuwa farkon 2025: inda aka tsaya

A tsakiyar Satumba aka sake auna autan, damtsen ya kai santimita 12.9. A Oktoba litar fetur ta haura naira 1,000, don haka abin da maigidan ke kawowa bai ƙaru ba. Amma sabuwar masara ta shigo. A Nuwamba mun sayi buhu a kan 60,000, kaso ya dawo 15,000. Ba ta rage zubin 1,300 ba. Rarar 3,200 ta kowane sati biyu ta tafi ga mai shago. Bashin 14,500 ya ƙare a makon ƙarshe na Disamba. Shinkafa ta dawo ranar Juma'a kawai, da wake da mai da yaji. Silindar gas tana nan ƙarƙashin gado.

Abin da na gani

Abubuwa huɗun farko sun faɗi saboda dalili ɗaya: duka sun bar ta tana sayen abinci kullum a ƙulli, a farashi mafi tsada a garin. Soke abincin rana bai taɓa wannan ba, afafata ma haka, bashi kuwa ɗaure ta ya yi da shagon da ya fi tsada. Abin da ya yi aiki shi ne kuɗin ya bar hannunta da sassafe kafin buƙatun yini su gan shi, kuma wannan ba dabarar girki ba ce. Yana buƙatar mutum uku da za a amince da su, da wadda za ta riƙe amana, da miji mai abin hawa, da atamfar da za a sayar. Matar da ta fita daga haɗinmu a Yuli ba ta fi wannan rashin wayo ba. Mijinta lebura ne, kuma lefenta ya riga ya ƙare tun bara.

Ban yarda kuma a ce tsarin ya wadatar da gidan ba. Kwano huɗu na masara a mako ga mutum bakwai bai isa ba, ko da ganye ko babu, kuma giɓin a jikin uwar ya fito. Lissafinta ya hana yaron faɗawa cikin ja, ya riƙe su a kwana huɗun Agusta. Amma abin da ya biya bashin mai shago faɗuwar farashin kaka ne. Da masara ta tsaya a 88,000 har Disamba, ina jin da haɗin ya watse, domin ni kaina na fara tunanin fita.

Littafin yana nan, yarinyar tana ci gaba da rubutawa bayan isha'i, yanzu ma ita ke gaya wa uwar idan manja ya wuce ƙa'ida. A shafin ƙarshe uwar ta sa an buɗe wani layi daban, ana zuba ɗari biyu duk ranar da aka samu kitso. Kuɗin atamfa ne. Ranar da na duba, an tara 6,400.